Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar NERDC Kan Yadda Ake Rubuta Shekaru A Littattafan 'Ya'yanmu

Zuwa ga Babban Sakatare,
Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Najeriya, NERDC,
Sheda, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Ni malamin tarihi ne a wata ƙaramar sakandare a nan cikin garin Jos, yau shekarata 27 ina riƙe da alli. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙaramin abu ne a ido, haruffa ne biyu ko uku, irin su AD da BC, da ake liƙa wa shekara a littattafan da muke koyarwa da su. Na zaɓi in rubuto da Hausa, kuma a fili inda kowa zai gani, domin rabin maganar Hausar ce kanta ta shafa, sannan iyayen yaran da zan ba ka labarinsu da Hausa suke tattauna ta a gidajensu, Musulminsu da Kiristansu.

A zangon karatun da ya wuce na kwashi ɗalibaina 'yan aji biyu zuwa gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, don su ga kawunan Nok da idanunsu maimakon hoton da ya koɗe a littafi. Kafin mu tashi na raba musu takarda mai ɗan bayani: masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da waɗannan kayan yumɓu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, an daɗe ana ƙiyasta zamaninsu daga wajen 500 BC zuwa AD 200, kuma binciken da masana daga Frankfurt ta Jamus suka yi daga baya ya tura mafarin al'adar can wajen 1500 BC. Muna tsaye gaban wani kai mai idanu masu kusurwa uku, da huda a tsakiyar kowane ido, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai mene ne AD ɗin nan?" Kafin in buɗe baki wani yaro ya riga ni: "Bayan mutuwar Yesu ke nan, haka aka gaya mana." Wani daga can baya ya ɗaga murya ya ce, "Annabi Isa bai mutu ba."

Shi ke nan. Yaran da suka zo cikin mota ɗaya suna miƙa wa juna gyaɗa, sai na ga sun rabu gida biyu, kowa ya matsa kusa da nasa. Ba wanda ya zagi wani. Amma ni na ga rikicin Satumbar 2001 a garin nan, na ga na Nuwambar 2008, na ga na Janairun 2010, na san yadda fuska take sauyawa tun kafin baki ya furta. Gabana ya faɗi.

Na tsayar da su na ce duk su biyun ba su taɓo abin da aka tambaya ba. AD ba ruwanta da mutuwar kowa. Gajarta ce ta kalmomin Latin guda biyu, Anno Domini, wato "a shekarar Ubangiji", kuma daga haihuwar Almasihu ake ƙirga ta, BC kuwa kafin haihuwar take nufi. Da bayan mutuwa take nufi, da shekaru talatin da ɗoriya na rayuwarsa a duniya sun rasa gurbi a lissafin. Wannan ya kashe gardamar farko, ashe ya haifi ta biyu. Washegari yaron nan na baya, yaro mai ladabi wanda bai taɓa ba ni ciwon kai ba, ya same ni a ofishin malamai, ya rusuna ya ce, "Malam, ni fa ba zan iya rubuta wa Annabi Isa Ubangiji ba." Sai na gaya masa akwai wasu haruffan da marubuta da yawa a duniya suke amfani da su, CE da BCE, masu nufin zamanin da kowa ya yi tarayya a lissafinsa da kuma kafin wannan zamanin. Na rubuta su a allo don ajin duka ya gani. Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo ya rubuta CE, abokin aikina da ya taya ni duba takardu ya zagaye ta da jan biro ya zare maki. Ba mugunta ba ce, bai ga haruffan a takardar amsoshi ba ne, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa daidai suke.

Ana cikin haka sai ga mahaifin yarinyar da ta yi tambayar tun farko. Dattijo ne a cocinsu, tela ne kuma, na daɗe da saninsa. Ya zo da littafin rubutun 'yarsa a hannu, ya buɗe shafin da ta kwafe abin da na rubuta a allo. Muka zauna a benci a gindin mangwaron makaranta. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ban zo faɗa ba. Amma me ya sa kuke goge sunan Yesu daga littafi? Yau haruffa ne, gobe mene ne?" Na ce, "Baba, wallahi ba wanda ya goge." Ya ce, "To ai ga shi nan da hannun 'yata."

Ranka ya daɗe, na kwana ina juya maganar nan, kuma ban ga wanda zan ce ya yi shirme tsakanin yaron da dattijon ba. Yaron yana da gaskiya, domin kalmar Ubangiji furucin imani ce, Kirista yana faɗinta da zuciya ɗaya, Musulmi kuwa aƙidarsa ba ta ba shi damar faɗinta ga wani annabi ba. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa, sashe na 38 kuma ya kare ɗalibi daga tilasta masa abin da ya shafi addinin da ba nasa ba. Zare wa yaro maki don ya kauce wa furucin da zuciyarsa ta ƙi bai dace da ruhin waɗannan sassa ba. Dattijon shi ma yana da gaskiya, domin CE ba ta sauya komai a lissafin ba. Shekarar dai daga haihuwar Almasihu ake ƙirga ta, an dai lulluɓe sunan ne. Wanda ya ce wa yaro wannan lissafin ba shi da asalin addini ya gaya masa abin da ba haka yake ba, kuma mai addinin yana da haƙƙin ya ji ciwo idan ya ga ana amfani da kayansa ana ɓoye sunansa.

Abin da ya fi damuna shi ne ba mu koya wa yara inda waɗannan lissafai suka fito, alhali labarin da kansa yana sanyaya zuciya. Wani malamin coci ne a birnin Rum mai suna Diyonisiyus ya ƙirƙiro ƙirgen AD a shekarar 525, yana cikin aikin tsara jadawalin ranakun Ista. A lokacin ana ƙirga shekaru ne daga hawan sarki Diyokletiyan a 284, sarkin da ya gallaza wa Kiristoci, shi kuwa bai ga dalilin ci gaba da raya sunan azzalumi ba. Sai da aka ɗauki ƙarnuka kafin ƙirgen ya game Turai. Kuma bai dace da ainihin shekarar ba: Linjilar Matiyu ta sanya haihuwar a zamanin sarki Hirudus, mafi yawan masana tarihi kuwa sun tafi a kan Hirudus ya mutu shekara 4 kafin shekara ta 1. Kalandar da ke rataye a ofishinka gyaran Paparoma Giregori na 13 ce a 1582, lokacin da mutane suka kwanta ran 4 ga Oktoba suka tashi ran 15. Ingila, da ke ganin abin na Katolika ne, ta ƙi karɓa sai 1752, Rasha sai 1918, Girka sai 1923. Kiristoci ne suka shekara ɗaruruwa suna ja-in-ja a kanta tsakaninsu, har yau kuma Kiristocin Habasha suna da tasu mai wata 13, wadda ta shiga shekara ta 2000 a Satumbar 2007, Kibɗawan Masar kuma suna nan suna ƙirgawa daga 284 suna kiranta shekarar shahidai.

Ta Hijira ma buƙatar aiki ce ta kawo ta. Larabawa da suna sanya wa shekara suna ne da abin da ya faru a cikinta, kamar Shekarar Giwa, kamar dai yadda kakanninmu suke cewa an haifi wane shekarar yunwar Kakalaba, ko iyayenmu su ce shekarar da aka canza hannu, wato 1972, ko shekarar da aka canza kuɗi, 1973. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, wajen shekara 17 bayan Hijira, aka kawo masa takarda mai ɗauke da watan Sha'aban, ya tambaya wane Sha'aban, na bana ko na bara ko mai zuwa? Aka tara sahabbai aka yi shawara. An kawo maganar haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an kawo ta aiko shi, an kawo ta rasuwarsa, aka tsaya a kan ƙaurarsa daga Makka zuwa Madina a 622. Ita kanta ƙaurar a Rabi'ul Awwal ta kammala, amma aka fara shekarar daga Muharram. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumi yake zagaya damina da hunturu da bazara, shi ya sa kuma shekarar 2008 ta ga shigowar shekarun Hijira biyu, 1429 a Janairu da 1430 a ƙarshen Disamba. Duk ranar da na ba da waɗannan labarai biyu a jere, ajin tsit yake yi, kowane yaro yana sauraron na ɗan'uwansa kamar yadda yake sauraron nasa.

Akwai masu cewa a yi watsi da kalandar Nasara ɗungurungum, na sha jin haka a majalisa bayan sallar Isha'i. Ban goyi bayansu ba. Ruwan sama ba ya bin watan sama, manomin dankali a Bokkos da manomin gero a Gumel duk da tafiyar rana suke shuka, kuma tun kafin zuwan Bature malaman hisabi a ƙasar Hausa suna lissafin taurarin damina don manoma. Lokutan sallarmu biyar da rana muke gane su, Ista ta maƙwabtanmu kuwa sai an duba cikar wata ake tsayar da ranarta. Saudiyya da kanta ta koma biyan ma'aikatanta da watannin Miladiyya a 2016. Maganar hutun sabuwar shekarar Musulunci da wasu jihohi suke bayarwa, wasu ba sa bayarwa, wannan ba hurumin hukumarka ba ne, na bar ta a nan.

Wani zai ce, to ai muna rubuta Janairu da Maris, sunayen gumakan Rumawa ne, ba wanda ya ce imaninsa ya taɓu. Gaskiya ne. Haka kuma Kiristan Filato yana zuwa sujada ran Lahadi, yana taron mata zumunta ran Talata ko Alhamis, duk sunayen daga Larabci suke, bai taɓa jin an musuluntar da shi ba. Bambancin shi ne waɗancan gumaka ba mai bauta musu yau, sunayen ranakun kuma yawancinsu ƙirge ne kawai, ɗaya, biyu, uku. Kalmar Ubangiji kuwa tana raye, a kanta addinan biyu suka rabu, kuma yaro ɗan shekara 13 ya san haka.

To a nan ne nake ganin Hausa ta riga Turanci samun mafita, sai dai mun bar ta a ƙasa muna hangen rigimar da ake yi a Amurka da Ingila. Muna da kalmar Miladiyya. Daga Larabci take, daga milad, wato haihuwa. Ba ta ce Ubangiji ba, ba ta ce annabi ba, ba ta kuma ɓoye cewa daga haihuwar wani ake ƙirge ba. Musulmi ya yarda an haifi Isa ɗan Maryama, sura guda ce a Alƙur'ani da sunan mahaifiyarsa, kuma Alƙur'anin ya kira shi Almasihu. Kirista ya yarda an haifi Yesu Almasihu, a kan haka yake bikin Kirsimeti. Larabawa Musulmi da Kirista duka da wannan kalma suke rubuta shekara, Kiristocin Masar da Labanan ma Idil Milad suke kiran Kirsimeti. Da na gaya wa dattijon nan haka a gindin mangwaro, ya yi shiru yana kallon littafin, sannan ya ce, "Ban saba da kalmar ba, a bakinku na fi jin ta. Amma in dai ba za a ɓoye wa yara haihuwar wa ake nufi ba, ba ni da ta cewa." Ban ɗauki amsar mutum ɗaya a matsayin amsar dukan Kiristocin Arewa ba, shi ya sa zan roƙi a tambaye su.

Halin da rubutun Hausa yake ciki yanzu kuwa, kowa da kiɗansa. Wannan littafi ya rubuta "bayan haihuwar Annabi Isa", wancan ya rubuta "bayan haihuwar Yesu", wani ya ce "a zamaninmu", wani ya kwafo AD yadda take ya dasa a tsakiyar jimlar Hausa. Mafi muni shi ne gajartawar B.H. Na taɓa riƙe littattafan Hausa biyu a hannu, a ɗaya B.H. tana nufin Bayan Hijira, a ɗayan tana nufin Bayan Haihuwa. K.H. ma haka, Kafin Hijira ko Kafin Haihuwa. A rubutun Turanci kuma BH kafin Hijira take nufi, kishiyar ta Hausa ke nan. Tsakanin mafarin lissafin biyu akwai shekara sama da 600. Ɗalibin da ya karanta an yi abu a 1200 B.H. bai san ko yana ƙarni na 12 ba ne, kafin a san da daular Usmaniyya ta Sakkwato da shekaru ɗaruruwa, ko yana wajen 1786, lokacin da Shehu yake yawon wa'azi a Zamfara. Wannan kuskure ne na ilimi tsantsa, ko da babu maganar addini ya isa a gyara shi.

Ga abin da nake roƙo. A tsayar da ƙa'ida ɗaya ga littattafan Hausa da hukumarka take tantancewa: M ga Miladiyya, H ga Hijiriyya, a daina B.H. da K.H. gaba ɗaya. Shekarun da suka gabaci lissafin a rubuta "kafin Miladiyya" cikakke, domin K.M. za ta yi karo da alamar kilomita. Hukumarka ba baƙuwa ba ce a irin wannan aiki, ita ta fitar da ƙamus ɗin kalmomin majalisa cikin Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci. A haɗa kai da masana Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, amma kada a tsaya nan. Hausa harshen coci ne a Filato da Kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa da Taraba, Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, kuma hedikwatar ECWA da ta COCIN duk a Jos suke, garin da aka kafa Izala a 1978. A kira malamansu na tauhidi da masu fassararsu, a kira na Jama'atu Nasril Islam, a zauna tun kafin a buga komai. Idan suka zo da kalmar da ta fi Miladiyya karɓuwa ga kowa, ni ne farkon wanda zai rubuta ta a allo. Littattafan darasin addini kuwa a bar kowa da harshensa: na Kirista ya ce shekarar Ubangijinmu, na Musulunci ya ce Annabi Isa alaihissalam, can gidansu ne.

A ɓangaren Turanci ban ce a haramta AD da BC ba, ban kuma ce a tilasta CE da BCE ba. Duk wanda aka tilasta a cikinsu, wani ɓangare zai ji an taka shi, kuma hukumarka ta ga yadda allura take tono garma a 2017, lokacin da ƙura ta tashi kan sanya darasin addinin Kirista da na Musulunci ƙarƙashin inuwa ɗaya a manhaja, har sai da aka raba su. Abin da nake so shi ne a rubuta a jagoran malamai, baƙi da fari, cewa duka biyun daidai ne, a kuma sanar da WAEC da NECO da ma'aikatun ilimi na jihohi, yadda ba za a sake zare wa yaro maki don ya zaɓi ɗaya ba. Kowane littafin tarihi ya ware shafi guda a farkonsa ya bayyana ma'anar haruffan huɗu da asalinsu, ya faɗi gaskiya cewa CE sabon suna ne ga tsohon lissafi, wanda malaman Yahudawa a Turai suka daɗe suna amfani da shi saboda irin dalilin ɗalibina. Wasu Kiristocin ma suna karanta C ɗin a matsayin ta Kirista, ba abin da ya hana.

Tunda an dawo da darasin tarihi makarantunmu bayan shekarun da aka yi babu shi, a sa masa babi a kan ƙirgen lokaci tun daga aji ɗaya. Yara suna wahala ƙwarai da shekarun da suke tafiya da baya, sun kasa gane yadda 500 take gabatar 200. Kusan ba wanda ya san babu shekarar sifili, daga 1 kafin Miladiyya sai 1 Miladiyya, don haka daga 500 kafin Miladiyya zuwa 200M shekara 699 ce, ba 700 ba. A nuna musu Yahudawa sun shiga 5786 a Satumbar 2025, mutanen Tailan suna gaba da lissafin Miladiyya da shekara 543, masu auna tsufan ƙashi da gawayi kuma daga 1950 suke ƙirgawa baya. A kuma koya musu juya Hijiriyya zuwa Miladiyya, abu ne na minti biyar: a ninka shekarar da 0.97 a ƙara 622, za a faɗo daidai ko kusa da shekara guda.

Wannan na ƙarshe ba don Musulmi kaɗai ba ne. Duk wanda zai karanta tarihin Arewa daga tushensa dole ya bi ta kan Hijiriyya, domin da ita aka rubuta shi. An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1168H/1754M, ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1218H/1804M, ya rasu a 1232H/1817M. Wasiƙun sarakunan Borno da na Sakkwato da Hijiriyya aka yi musu kwanan wata. Mawaƙan ajami, har da Nana Asma'u, sukan rufe waƙa da ramzi, kalma guda wadda in an haɗa ƙimar haruffanta sai shekarar da aka yi waƙar ta fito. Yaron Birom ko Angas ko Tarok da yake son zama masanin tarihi, in bai iya wannan lissafi ba, an rufe masa ɗakunan adana takardu na Kaduna da Ibadan da ma tarin rubuce-rubucen Larabci da ke gidan tarihin nan namu na Jos. Ina roƙon a riƙa jera shekarun biyu a duk inda asalin labarin da Hijiriyya ya zo, kamar yadda na jera a sama. Inda kuma ba ta da hurumi, kamar tarihin masarautar Benin ko zuwan 'yan mishan, kada a cusa ta don neman daidaito na gani-da-ido.

Akwai wani ɗan guntun da zan haɗa da shi tunda ana maganar kwanan wata. Mu a nan rana muke fara rubutawa sannan wata, wayoyi da kwamfutoci da yawa kuwa sun zo da tsarin Amurka mai fara wata. Haka 4/3 take zama 4 ga Maris a wurin wani, 3 ga Afrilu a wurin wani, yaro ya gama makaranta ranar haihuwarsa ta saɓa tsakanin takardunsa, uba ya yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu. A umarci makarantu su riƙa rubuta sunan watan da haruffa a rajista.

Ni kaina ranar haihuwar da ke takarduna ba tawa ba ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne a Gangare, yana rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami a bangon ciki na wani tsohon littafin fiƙihu, da tawadar da ya dafa da kansa. Tawa tana layi na huɗu: Rajab, 1389. Ranar da ya kai ni firamare ya karanta wa mai rajista abin da ke rubuce, mutumin bai san yadda zai juya ta ba, ba kuma wanda ya taɓa koya masa, sai ya dube ni ya rubuta 1 ga Janairu, 1970. Sai da na girma na yi lissafin da kaina na gane a tsakanin Satumba da Oktoban 1969 aka haife ni, ana cikin yaƙin basasa, damina tana ban kwana. Mahaifina ya kiyaye ranar da kyau, makaranta ce ba ta iya karanta ta ba. Littafin yana wurina, na kai shi aji na nuna wa yara. Mako na zagayowa yarinyar nan 'yar tela ta zo da Littafi Mai Tsarki na kakarta, na Hausa, bangonsa ya sha ɗinki, a shafin farko an jera sunayen 'ya'ya tara da ranakun haihuwarsu da baftismarsu da shuɗin biro. Muka ajiye littattafan biyu a kan teburina, yaran suka kewaye su, yaron nan mai CE shi ne ya juya shekarar kakarta zuwa Hijiriyya a allo, ita kuma ta juya tawa.

Makin da aka zare masa mun mayar masa, ni da abokin aikina, bayan mun zauna mun fahimci juna. Amma wannan a makarantarmu ne, kuma jarrabawar cikin gida ce. Baɗi zai zauna ta kammala ƙaramar sakandare, takardarsa za ta faɗa hannun wanda bai san shi ba, bai san ni ba, sai abin da takardar amsoshi ta ce. Ina roƙon sanarwar ta fito kafin lokacin. Zango mai zuwa kuma zan sake kai sababbin 'yan aji biyu gaban kawunan Nok, waɗanda aka gasa yawancinsu tun kafin a haifi Almasihu, balle a yi Hijira. In da hali a turo wani daga sashen manhaja ya biyo mu, daga Sheda zuwa Jos tafiyar yini ɗaya ce, ya tsaya a bayan yaran ya ji tambayoyinsu da kunnensa.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya yi jagora, ya ba mu zaman lafiya a Filato da ƙasa baki ɗaya.

Naka,
Wani malamin tarihi,
Jos, Jihar Filato.